Gansakukar cikin ƙanƙarar teku: yadda aikinmu ke tafiya a Van Mijenfjorden

9 ga Maris

Kayan aiki sun gama isowa Longyearbyen, babban garin tsibiran Svalbard, izinin ɗibar samfur ma ya fito, saboda haka daga yau zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya. Jiya ne rana ta fara leƙo garin bayan watannin duhu. Wurin da za mu yi aikin shi ne Van Mijenfjorden, wani dogon mashigin teku tsakanin duwatsu a yammacin tsibirin Spitsbergen, cikin tsibiran Svalbard na ƙasar Norway. Mun zaɓe shi ne don har yanzu yana daskarewa. Tsibirin Akseløya ya tare bakinsa kusan gaba ɗaya, sai 'yan ƙananan mashigai, shi ya sa ruwan ɗumi na Atlantika da ke haurowa ta gaɓar yamma bai cika samun shiga ba. Mashigin Isfjorden da ke gaban Longyearbyen ba shi da irin wannan kariya, kuma a shekarun nan yawancinsa a buɗe yake cinye hunturu.

Abin da ya kawo mu gansakuka ce, irin wadda ba a ganin ƙwayarta sai da madubin ƙara girma, wadda ke zaune a cikin ƙanƙarar teku. Wanda bai taɓa riƙe wannan ƙanƙara ba zai ɗauka dunƙule ce guda mai tauri. Ba haka take ba. Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, kuma ba ya daskarewa sai sanyi ya kai kusan digiri 1.8 ƙasa da sifili. Idan ya fara daskarewa, ruwan zalla ne ke zama ƙanƙara, gishirin kuwa a ture shi gefe. Wani ya tsiyaye ya koma teku, wani ya maƙale a ciki yana ruwa mai kaurin gishiri wanda sanyi ya kasa daskararwa. Shi ke barin ƙananan ramuka da hanyoyi a jikin ƙanƙarar, cikinta ya zama kamar gidan gara. A waɗannan hanyoyi gansakukar take, mafi yawanta a 'yan santimitocin can ƙasa, inda ƙanƙara ke taɓa ruwa.

Tambayarmu ɗaya ce, ko da yake tana da rassa: me ke sa gansakukar ta saki ƙanƙara idan lokacin narkewa ya zo, kuma ina take nufa bayan ta saki? Raguwar ƙanƙarar Aktik, wato tekun ƙuryar arewacin duniya, ta wuce gardama. Tun 1979 taurarin ɗan Adam ke auna ta, kuma faɗinta a watan Satumba, lokacin da ta fi ƙanƙancewa, yana raguwa da fiye da kashi 10 cikin 100 duk shekara goma. Abin da hoton tauraro ba ya nunawa shi ne ranar da wannan abinci na farko a shekara ke faɗawa ruwa, da kuma wanda ke wurin ya ci shi.

21 ga Maris

Mun ɗebo sandunan ƙanƙara na farko. Tafiya ce a kan babura masu bin dusar ƙanƙara, ta cikin kwaruruka har zuwa ƙuryar mashigin, kusa da inda ma'adanar kwal ta Svea take a da. Mutum ɗaya a cikinmu ba ya taɓa kayan aiki ko kaɗan. Nasa shi ne ya tsaya da bindiga yana duban kowace kusurwa saboda farin beyar.

Na'urar haƙar bututu ce mai faɗin santimita 9, da wuƙaƙe a bakinta. Ana murza ta har ta huda, a zaro sandar ƙanƙara guda daga sama har ƙasa. Kaurin a nan bai kai mita ɗaya ba. Da zarar sanda ta fito sai a shige da ita cikin baƙin tanti, domin halittar da ta yi wata da watanni a duhu ba za ta jure hasken fili farat ɗaya ba. A nan muke yanke santimita 3 na ƙasa da zarto, mu sa a leda. Wata sandar kuma don auna sanyi ce kawai: a huhhuda ta, a zura ma'auni a kowane rami. Sama ta fi ƙasa sanyi nesa ba kusa ba, domin sama tana bin iska, ƙasa kuwa kullum tana nan kusa da sanyin ruwan teku.

Narkar da samfurin shi ne abin da ya fi buƙatar haƙuri. In aka bar guntun ya narke shi kaɗai, ruwan da zai fito kusan ba gishiri, ƙwayoyin da suka saba da ruwa mai kauri sai su kumbura, masu taushin jiki su fashe. Don haka muna zuba masa tataccen ruwan teku mai yawa, mu bar shi a duhu a ɗakin sanyi ya narke a hankali.

Ƙasan sandunan fari ne fat. Amma da muka tace ruwan muka auna kulorofil, sinadarin da tsiro ke kama haske da shi, mun samu ɗan kaɗan, kuma a madubi akwai ƙwayoyi masu rai jefi-jefi. Ban yi mamaki ba. Jirgin binciken Jamus, Polarstern, ya kwashe kusan shekara yana daskare a tsakiyar tekun Aktik daga 2019 zuwa 2020 a tafiyar da ake kira MOSAiC, kuma wani sakamako da ya fito daga tafiyar a 2024 ya nuna ƙananan gansakuka na fara girma tun ƙarshen Maris, da hasken da ya gaza na rana a fili wajen sau 100,000. Wato su lokacin nomansu ya kama tun mu muna ganin duhu ne a ƙarƙashin.

4 ga Afrilu

Yau aikin shebur muka yi. Mun shata filaye iri uku a kan ƙanƙarar: wasu mun kwashe musu dusar gaba ɗaya, wasu mun bar su yadda suke, wasu kuma mun ƙara musu. Dusar ita ce ke da ikon haske a wannan wuri, fiye da ƙanƙarar kanta. Sabuwar dusa tana mayar da fiye da kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta, abin da ya shige kuma ta shanye yawancinsa. Mun zura na'urar auna haske ta rami zuwa ƙarƙashin kowane fili. Bambancin da ke tsakanin filin da aka share da wanda aka tula wa dusa ya fi yadda na yi tsammani tun kafin mu zo. Iska za ta riƙa maido da dusa kan filayen da muka share, don haka duk zuwa sai an sake shara.

17 ga Afrilu

Ta fito. Sandar farko da muka juyo ƙasanta a tanti tana da zobe ruwan ƙasa-ƙasa, mai duhu, da yauƙi in ka taɓa. Abokiyar aikina ta riƙe ta ta ƙi ajiyewa har sai da shugabar tawaga ta tuna mata cewa ruwan gishirin na tsiyayewa da ƙwayoyin a ciki.

Na yini a bakin madubi. Kusan duk abin da ke cikin samfurin dayatom ne, wato gansakuka mai ƙwaya ɗaya wadda ke ƙera wa kanta kwasfa da silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi. Launin ƙasa-ƙasan daga wani rini ne a jikinta wanda ke taimaka mata kama haske mai rauni, yana rufe koren kulorofil. Wadda ta fi yawa ita ce Nitzschia frigida, siririya, tsawonta bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Ƙwayoyinta na haɗa kai da kai su yi rassa-rassa, kuma wannan siga ta dace da matsattsun hanyoyin da take zaune. Akwai wasu irin Navicula da Fragilariopsis da ke jeruwa gefe da gefe. Wasu na motsi. Suna da tsaga a kwasfarsu wadda suke fitar da yauƙi ta ciki su sulale a kan abin da suka manne wa, shi ya sa suna iya hawa ko sauka a cikin ƙanƙara su nemi inda haske da gishiri suka yi musu daidai.

Duk lokacin da na dube su sai na tuna irin wurin da suke rayuwa. A inda ƙanƙara ta kai digiri 10 ƙasa da sifili, ruwan da ke cikin hanyoyin ya ninka na teku gishiri wajen sau huɗu. Idan narkewa ta zo kuma sai ya koma kusan salam. Halitta ɗaya ce ke jure duka biyun. Tana yin wasu furotin da ke manne wa ƙwayar ƙanƙara su hana ta girma ta soke ta. Tana lulluɓe kanta da yauƙi, wanda ke rage mata dukan gishiri, har ma yana sauya sigar hanyoyin, su riƙe ruwa fiye da da. Tana kuma tara wani sinadari mai ƙibiritu a cikinta don daidaita gishiri, wanda idan ya rushe yake ba da warin nan na bakin teku. Mun ji shi sosai a tanti yau. A 2017 aka wallafa cikakken tsarin ƙwayoyin gadon Fragilariopsis cylindrus, wadda ake samu a Aktik da Antaktika (ƙuryar kudancin duniya) duka, kuma tun daga nan ta zama wadda masana suka fi komawa gare ta in suna son gane yadda wannan juriya take.

Shigarsu ƙanƙarar ma abin lura ne. Da kaka, idan teku ta fara sanyi, ƙananan allurai na ƙanƙara ke fara samuwa a cikin ruwa su taso sama, su kwaso duk ƙwayar da suka ci karo da ita. Da yawa sanyi da duhu na kashe su. Waɗanda suka tsira su ne irin wannan zobe da muka gani yau.

26 ga Afrilu

Mako guda ke nan rana ba ta faɗuwa, kuma ba za ta sake faɗuwa a nan ba sai ƙarshen Agusta. Filayenmu sun fara rabuwa. Wanda zai yi hasashe daga gida zai ce filin da aka share, tunda ya fi samun haske, shi zai fi gansakuka. Akasin haka muke gani. Zoben da ke ƙasansa ya koɗe, ya yi siriri, ƙwayoyin kuma kulorofil ɗinsu ya ragu. Filin da ba mu taɓa ba shi ya fi duhun launi. Wanda muka tula wa dusa yana baya, amma yana tahowa a hankali kuma ƙwayoyinsa lafiyayyu ne. Wannan ya yi daidai da abin da masu irin wannan gwaji suka gani a wasu wuraren Aktik: halittar da ta tsara jikinta don ƙarancin haske, yawansa kwatsam cuta ne gare ta.

Na fi damuwa da ingancin abin da ke cikin ƙwayar a kan yawanta. Gansakukar ƙanƙara tana da wani mai na musamman, irin omega-3, wanda dabbobin teku da yawa ba su iya yi wa kansu sai sun ci. An auna a nan Svalbard cewa idan haske ya yi mata yawa, rabon wannan mai a jikinta yana raguwa. Mun ware samfur daga kowane fili mun daskarar don a auna man daga baya.

Mai jiran wannan mai kuwa yana nan. Mun zura raga ta rami, ta fito da Calanus glacialis, wani ɗan ƙwaron ruwa mai 'yan milimitoci, jikinsa garau har ana hango jakar man da ke cikinsa. Yana kwana hunturu a zurfi ba ci ba motsi. A wannan lokaci matan ke haurowa ƙarƙashin ƙanƙara su ci gansakuka su samu ƙarfin yin ƙwai. Cikin waɗanda muka kama akwai masu hanji cike da launin zoben. Wani bincike da aka yi a Rijpfjorden, can arewacin Svalbard, aka wallafa a 2010, ya nuna yadda rayuwar wannan ƙwaro ta rataya a kan girbi biyu: uwa ta ci na ƙanƙara, 'ya'yan kuma su taso daidai lokacin da gansakukar buɗaɗɗen ruwa ta bunƙasa bayan ƙanƙara ta tashi, wajen wata biyu tsakani. Girbin farko rana ce ke sa shi, ita kuwa rana ba ta sauya lokacinta. Na biyun tashin ƙanƙara ne ke sa shi, shi kuma yana matsowa gaba. In tazarar ta matse, 'ya'yan za su iso an riga an gama. A bayan wannan ƙwaro akwai kifin Boreogadus saida da ke fakewa a ƙarƙashin ƙanƙara, akwai ƙaramin tsuntsun teku Alle alle da ke ciyar da 'ya'yansa da shi, akwai sil, dabbar teku mai shayarwa, da ke cin kifin, akwai beyar da mai gadinmu ke dubawa.

2 ga Mayu

Iska ta juyo daga kudu, ma'auni ya haura sifili, aka yi yayyafi a kan dusar. Ba mu fita ba sai da ta lafa. Da muka je, dusar ta jiƙe ta kwanta, akwai ruwa tsakaninta da ƙanƙara, sandunan kuma sun yi ɗumi tun daga sama har ƙasa, ruwa na zuba daga jikinsu tun kafin a yanka.

Akwai wata ƙa'ida da Kenneth Golden da abokan aikinsa suka bayyana a 1998. Ƙanƙarar da gishirinta ya kai wajen giram 5 a kilo, idan ta ɗumama ta kai digiri 5 ƙasa da sifili, ruwan da ke cikinta yana kai kashi 5 cikin 100, kuma daga nan ramukan ke haɗewa ruwa ya samu hanyar ratsa ta. Ƙasa da haka a toshe take. Tamu ta ƙetare wannan iyaka gaba ɗayanta. Ma'ana duk ruwan da ya narke a sama yanzu yana da hanyar gangarawa ya wanke ƙasa. A filayen da aka share zoben ya kusa ƙarewa. A sauran yana nan, amma ya yi laushi, yana barin launi a safar hannu.

11 ga Mayu

Wannan ce fitarmu ta ƙarshe ta kan tudu. Koguna sun fara buɗewa a kwarurukan, babur ba zai sake wucewa ba. Wato abin da muka zo gani, sakin gansakukar, zai faru ba ma wurin, kuma haka yake ga yawancin masu wannan aiki: lokacin da ya fi muhimmanci shi ne lokacin da ƙanƙara ba ta ɗaukar mutum, jirgi kuma bai iya shiga ba tukuna.

Don haka mun bar masu gadi. Mun faɗaɗa rami muka saukar da igiya mai anga zuwa ƙasan mashigin, ɗauke da na'urorin auna haske da zafi da gishiri, da wani babban mazurari mai kwalabe a gindinsa. Duk abin da ya nutso daga sama yana faɗawa mazurarin, kwalaben kuma suna juyawa bi da bi a kan lokacin da muka saita, kowace ta tara na 'yan kwanaki. Mun kuma ɗebo manyan guntayen ƙasan ƙanƙara cikin akwatunan sanyi don gwaji a gari.

26 ga Mayu

Gwajin ɗakin sanyi ya kammala zagaye na farko. Mun ɗora guntayen a kan tankunan ruwan teku, muka narkar da su ta hanyoyi dabam-dabam. Wasu mun ɗan ɗumama ruwan da ke ƙarƙashinsu, yadda ruwan Atlantika ke cin ƙanƙara ta ƙasa. Wasu mun riƙa ɗiga musu ruwa marar gishiri ta sama, yadda ruwan sama ko narkakkiyar dusa ke yi. Wasu kuma fitila kawai muka ƙara musu.

Inda narkewa ta tafi a hankali, ƙwayoyin sun riƙa fita kaɗan-kaɗan, da yawa suna yawo a ruwa ɗai-ɗai ko cikin ƙananan rassa, kuma da muka auna suna ci gaba da haɗa abinci da haske. Irin waɗannan ƙwayoyi ne ƙwaron Calanus zai iya kamawa. Inda muka wanke da ruwa marar gishiri kuwa, zoben ya saki kusan lokaci guda, yauƙin ya haɗe ƙwayoyin suka zama curi-curi, suka nutse ƙasan tankin tun muna tsaye. Fitilar ma ta yi nata: zobe mai duhu yana shan haske ya ɗumama ƙanƙarar da ke kewaye da shi, har ya narkar da wurin zamansa da kansa. Tanki ba teku ba ne, babu igiyar ruwa babu masu ci, don haka ba zan ɗora wa wannan gwaji fiye da ƙarfinsa ba. Amma ya nuna mini cewa yadda ƙanƙara ta narke yana yanke hukunci kamar yadda ranar narkewarta ke yi.

An taɓa ganin babban misalin wannan. A 2012, shekarar da ƙanƙarar Aktik ta yi ƙanƙantar da ba a taɓa aunawa ba, wajen murabba'in kilomita miliyan 3.4 a Satumba, tawagar Antje Boetius a jirgin Polarstern ta saukar da kyamara ƙasan tekun a zurfin wajen mita 4,000. Suka tarar da curin Melosira arctica sabo, da launinsa, a warwatse a kan laka. Wannan dayatom ce da ke yin dogayen zare masu lilo daga ƙasan ƙanƙara. Narkewar gaggawa ta sake ta, ta nutse da sauri ta wuce duk masu cin da ke sama. Dabbobin ƙasan teku, irin su kokwambar teku, sun taru a kanta, ƙwayoyin cuta kuma suka cinye iskar oksijin da ke lakar ƙarƙashin curin. Abincin bai ɓata ba, wani ne dabam ya samu.

15 ga Yuni

Ƙirga ake ta yi. Ana zuba samfur a ƙaramin kasko a bar ƙwayoyin su kwanta, a duba su daga ƙasa da madubi mai kifaffen ido, a rubuta kowane iri. Aikin na cin ido, kuma a lokacinsa ne muke yawan muhawara.

Ɗaya daga cikin ɗalibanmu ya kawo hujjar da ake yawan ji: ƙanƙara ta yi siriri, haske ya ƙaru, gansakuka ta ƙaru, to ina asarar? Hujjar tana da tushe, bai kamata a yi watsi da ita ba. A 2011 wata tawaga da NASA ta ɗauki nauyinta ta tarar da gansakukar ruwa ta bunƙasa ƙwarai a ƙarƙashin ƙanƙarar tekun Chukchi, domin kududdufan narkewa da ke saman siririyar ƙanƙara suna barin haske ya wuce. Ƙididdigar taurarin ɗan Adam ma ta nuna yawan abin da gansakukar ruwa ke samarwa a Aktik ya ƙaru da fiye da rabi tsakanin 1998 da 2018.

Na ce masa ni ban yarda jimilla ce ma'aunin da ya dace ba. Gansakukar ƙanƙara ba ta yi fice don yawanta ba, ko da yake a tsakiyar tekun, inda ƙanƙara ba ta tashi, an taɓa auna cewa ita ke ba da fiye da rabin abin da ake samarwa. Darajarta a lokacinta take da wurinta: tana zuwa makonni kafin kowane abinci, tana tare wuri guda a shimfiɗe inda ƙaramin ƙwaro zai ci ya ƙoshi ba tare da yawo ba, kuma tana da man da ake buƙata. Sannan haske ba shi kaɗai ne abinci ba. Narkakken ruwa ba shi da nauyi, yana kwanciya a saman teku ya hana gaurayuwa, sai naitiret, sinadarin takin da tsiro ke buƙata, da silika su ƙare a sama alhali suna jibge a ƙasa. In silika ta yi ƙaranci dayatom ba ta da abin yin kwasfa, wasu ke karɓe filin. A 2015, lokacin da jirgin Norway mai suna Lance ke daskare a arewacin Svalbard, abin da ya bunƙasa a ƙarƙashin ƙanƙarar shi ne Phaeocystis pouchetii, mai tara ƙwayoyinta cikin ƙwallon yauƙi, wadda ba ta kai dayatom amfani ga Calanus ba. Shi kansa Calanus glacialis, a gaɓar yamma ɗan'uwansa na Atlantika, Calanus finmarchicus, yana ƙara yawa, kuma ya fi shi ƙanƙanta da ƙarancin mai. Ɗalibin bai gamsu gaba ɗaya ba, kuma na ji daɗin hakan, domin ya ɗauki alkawarin ware Phaeocystis a ƙirgarsa ta samfurin ruwa.

Can kudu ma zancen ɗaya ne da wasu dabbobin. 'Ya'yan kiril na Antaktika, wasu ƙananan halittu masu kama da jatan lande, a ƙasan ƙanƙara suke kiwo da hunturu, su kuma kiril su ne abincin manyan kifayen whale da tsuntsayen fenguwin. A 2023 ƙanƙarar tekun Antaktika ta yi ƙanƙantar da ba a taɓa gani ba tun fara aunawa, a Fabrairu da kuma lokacin da ya kamata ta fi faɗi a Satumba.

9 ga Yuli

Mun shiga mashigin da jirgi, babu ko ɓurɓushin ƙanƙara, ruwan ya yi launin laka saboda kogunan da ke kwararowa daga tudu. An aika wa igiyar sautin da ke sa ta saki angarta, ta taso lafiya da komai nata.

Tun a kan jirgi kwalaben suka nuna abin da ya faru. Na farko-farko kusan wayam suke. Sai ɗaya a tsakiya mai kauri da duhu, ta biye da ita ma da ɗan dama, daga nan sai laka. Wato sakin ya zo a dunƙule cikin ɗan lokaci, bai zo kaɗan-kaɗan ba. Na'urar gishiri ta nuna ruwan sama ya yi salam daidai wannan lokaci, hasken ƙarƙashi kuma ya yi tsalle, alhali ƙanƙarar ta ƙara daɗewa a wurin kafin ta farfashe. In wannan ya tabbata bayan ƙirga, to gansakukar ta bar gidanta tun gidan yana tsaye, kuma ranar tashin ƙanƙara da ake gani a hoton tauraro ba ita ce ranar da ta shafi masu cin ta ba. Digon farko da na duba daga kwalbar mai duhu cike yake da rassan Nitzschia frigida, wasu da rininsu a ciki, tare da kashin ƙwarin Calanus, amma ƙwayoyin da ba a ci ba sun fi yawa.

Mun kuma ɗebo laka daga ƙasan mashigin. Akwai wani sinadarin mai da ake kira IP25, wanda aka bayyana a 2007, wanda wasu 'yan dayatom na cikin ƙanƙarar Aktik kaɗai ke yi, musamman na dangin Haslea. Yana daɗewa a laka, yana kuma bin jikin duk dabbar da ta ci. Da shi za mu gane nawa ne daga abin da tsutsotsi da ƙumbunan ƙasa suka ci ya fito daga ƙanƙara.

Kwalaben suna ɗakin sanyi yanzu, an raba kowace gida uku: na ƙirga, na kabon, na mai. Samfurin mai da na laka za su tafi babban ɗakin gwaji a daskare cikin wannan wata. Abin da muka riga muka yanke game da baɗi, in Allah ya kai mu, shi ne za mu saita kwalaben su riƙa juyawa kusa-kusa daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuni, mu kuma ɗaura kyamara a kan igiyar tana kallon ƙasan ƙanƙara. Gobe zan fara ƙirgar kwalbar mai duhu.